Tukunyar Gas Ta Bar Madafa, Ta Koma Bakin Rijiya

Da asubahin hunturu, kafin rana ta leƙo ta kan kukokin Mirriya, mai lambu ya riga ya isa bakin rijiyarsa. Injin ban ruwa na nan inda ya saba, amma galan ɗin fetur da ake ajiyewa a gefensa ya ɓace. A gurbinsa an girke tukunyar gas mai kilo 6, irin wadda uwargida ke dafa shayi da ita, an jawo tiyo daga bakinta zuwa kafiretan inji. Ya murɗa, ya fizgi igiya, inji ya kama, ruwa ya fara gangarawa fangalin kabeji.

Can an jima sai muryar inji ta sauya. Yana tari, yana shaƙewa. Jikin tukunya ya yi raɓa, ya yi sanyi ƙalau kamar an fito da ita daga firji, alhali idan an ɗaga ta ana jin da sauran gas a ciki. Mai lambu ya girgiza ta, ya kishingiɗar da ita. Maƙwabci ya leƙo ta kan shinge ya ce a tsoma ta a ruwan zafi, ko a matsar da ita kusa da salansa ta ɗan sha ɗumi. Daga ƙarshe sai ya faɗi shawarar da kowa ke ƙarewa a kanta: "Malam, ka huta da wannan wahala, ka nemi babba."

Wannan hoto ya zama sananne a lambunan Nijar, daga Agadas zuwa Tawa, Maraɗi da Damagaram. Gas ya fita daga madafa ya shiga injin ban ruwa da janareta, ya hau teburin mai shayi da kurar mai soye-soye, har akwai masu kai shi cikin abin hawa. Lissafin manomi daidai ne, kuma bai kamata a tsangwame shi a kansa ba. Matsalar tana cikin 'yar tazarar nan da ke tsakanin bakin tukunya da bakin inji, wadda ba ta fi kamu uku ba, kuma kusan ba wanda ya ɗauki nauyin koya wa mutane yadda ake haɗa ta.

Banza ba ta kai zomo kasuwa. A ranar 28 ga Nuwamba 2011 aka buɗe matatar SORAZ a yankin Ollelewa, kimanin kilomita 50 arewa da birnin Damagaram kan hanyar Tanut. An gina ta don tace ganga 20,000 a rana na ɗanyen man Agadem, kamfanin CNPC na Sin yana da kashi 60, gwamnatin Nijar kashi 40. Ban da fetur da gazuwal, matatar na fitar da gas ɗin girki, kuma bayan buɗe ta hukuma ta ƙayyade farashin da mutane suka daɗe da haddacewa: cika mai kilo 6 sefa 1,800, mai kilo 12.5 sefa 3,750, wato jika uku da dala ɗari da hamsin a bakin 'yan kasuwa.

A ɗora wannan a kan sikeli da fetur. Ƙarfin da ke cikin kilo ɗaya na gas ya yi kusa da na lita 1.4 na fetur, don haka babbar tukunya ta gida tana ɗauke da aikin lita 17 da 'yan kai. Ko bayan ragin Yulin 2024, da ya sauko da litar fetur daga sefa 540 zuwa 499, lita 17 ta haura sefa 8,000. Mutumin da zai shayar da albasa da tumatir wata uku ko huɗu ba ya buƙatar alƙalami kafin ya gane inda sauƙi yake. Sai kuma abubuwan da suka biyo baya suka ƙara tura shi. A Mayun 2023 Najeriya ta janye tallafin mai, fetur ɗin ruwa-ruwa da ake shigowa da shi ta Magarya da Matamaye ya daina araha. A Agustan wannan shekara aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya sakamakon takunkumin da ya biyo bayan juyin mulki a Nijar, janareta ya zama abokin kowane shago. A Maris 2025 kuwa aka shiga ƙarancin fetur, layuka suka miƙe a gidajen mai. Duk wanda injinsa ke shan gas a waɗannan lokuta ya ci gaba da aiki.

To me ya sa ƙaramar tukunya ke gajiya tun gas bai ƙare ba? Abin da ke cikinta ruwa ne da aka matse, cakuɗen butan da furofan, sama da shi kuma iska. Duk lokacin da aka buɗe, iskar saman ce ke fita, sai ruwan ya tafasa ya maye gurbinta. Tafasa na buƙatar zafi, kuma daga jikin ƙarfen tukunya take zuƙo shi. Murhu yana sha a hankali, ƙarfe na samun damar ramawa daga iskar waje. Inji kuwa zuƙa yake yi babu hutu, sai tukunya ta yi sanyi, matsin ciki ya faɗi. Butan ma da kansa yana daina tafasa idan sanyi ya kai wajen digiri sifili, shi ya sa abin ya fi tsanani da sassafen hunturu, daidai lokacin da noman rani ke kan ganiyarsa. Babbar tukunya tana da faɗin jiki, tana tattara zafi da yawa, tana ciyar da inji ba tare da shaƙewa ba. Shawarar maƙwabci ta a nemi babba tana da tushe. Sauran dabarun ne ke iya kashe mutum.

Idan aka kwantar da tukunya, ruwan gas ne ke isa bakinta maimakon iska. Lita ɗaya ta wannan ruwa tana kumbura ta zama iska kusan lita 250, kuma kashi 2 cikin ɗari na gas a cikin iskar ɗaki ya isa ya kama da wuta. Ke nan lita guda da ta kuɓuce za ta iya cika ƙaramin shago da abin da ƙyastawar ashana ɗaya ke tayarwa. Idan kuma aka kai tukunya kusa da salansa ko garwashi, matsin ciki ne ke hauhawa, ga tiyo yana laushi a wurin da ya fi zafi.

Akwai wani haɗari da ya keɓanta da lambu. Ƙaramin injin ban ruwa ba ya iya zuƙo ruwa daga zurfin da ya wuce mita 7 zuwa 8, don haka idan rani ya yi nisa ruwa ya ja baya, masu lambu kan haƙa rami kusa da rijiya su saukar da inji ciki. Gas ya fi iska nauyi, butan ya kusa ninka ta. Idan ya yoyo, ƙasa yake nema kamar ruwa, ya kwanta a gindin rami ba a ganinsa. Yaron da aka aika ya sauka ya tayar da inji da safe yana shiga tafkin gas ne bai sani ba, ga kuma hayaƙin inji mai guba da ke taruwa a wuri ɗaya. Tukunya a sama take zama, a tsaye, a inuwa, nesa da bakin rami, kuma a rufe ta daga kanta duk lokacin da aka kashe inji.

A leƙa rumfar bakanike a ga yadda ake yawan yin haɗin. Yaron shago ya huda murfin matatar iska, ya cusa guntun bututu, ya sa tiyon da ya samu a kusa, wani sa'in na ruwa, wani sa'in tsohon na fetur. Ya yanko roba daga tsohon tif ya naɗe mahaɗa, ya ɗaure tamau. "Maigida, an gama," in ji shi. Maigida ya sunkuya ya shinshina, bai ji wari ba, ya ce a tayar. Inji ya tashi, mai shi ya biya yana murna. Ba mugunta a cikin aikin nan, akwai ma basira, amma abubuwa uku sun ɓace.

Na farko shi ne na'urar rage matsi, wadda a Damagaram ake kira da sunanta na Faransanci, detandar, a Kano kuma regileta. Matsin da ke cikin tukunya ya ninka wanda murhu ke buƙata sau 50 ko fiye, kuma yana hawa da sauka tare da zafin rana. Aikin na'urar shi ne ta riƙe shi wuri guda. Ga inji ana buƙatar ƙari a kan haka: wata na'ura da ba ta sakin gas sai inji ya zuƙa, tana rufewa da zarar ya mutu. Haɗin da aka yi da famfo kawai ba shi da wannan kariya. Inji ya mutu don ruwa ya ƙare ko don ya shaƙe, mai lambu yana can ƙarshen fangali, gas na ci gaba da kwarara a kan ƙarfe mai zafi. Na biyu shi ne tiyon gas na ainihi, wanda ake buga shekarar ƙarewar aikinsa a jiki, domin roba na tsufa ta tsattsage, balle a ranar Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40. Na uku shi ne zoben ƙarfe mai kusa da ake matse kowace mahaɗa da shi. Bayan an gama, a shafa kumfar sabulu a duk inda abu biyu suka haɗu. Inda kumfa ta yi ƙwai tana hurowa, nan ne yoyo. Hanci na taimakawa, tunda da gangan ake zuba wa gas wari a masana'anta, amma a fili mai iska hanci na iya yaudarar mai shi. Gwaji da ashana kuwa ganganci ne da rai.

Wannan buƙata ta ƙara babbar tukunya ba a Nijar ta fara ba. A Amurka miliyoyin iyalai na da motocin da aka ƙera cikinsu kamar gida, da gado da murhu da firji, suna yawon hutu da su. Da yawansu na da tankin gas da aka ɗaure a ƙarƙashin mota tun daga masana'anta. Idan mai ita ya yada zango na watanni a lokacin sanyi, tankin ba ya isarsa, kuma ba zai riƙa tayar da gidansa duk mako don neman ciko ba. Sai ya kawo tukunya ta waje, sau da yawa mai kusan kilo 45. Masana'antu sun ga buƙatar, suka ƙera mata mahaɗar tagulla mai baki uku, da ake ɗaurawa tsakanin bakin tanki da na'urar rage matsi. Ta haka gas ɗin waje ke bi ta na'urar motar kafin ya isa murhu. Tukunyar na tsayawa a waje, a miƙe, a kan daɓe, kuma ana cire ta kafin mota ta motsa. Tun 2002 ma yawancin masu cika gas a can ba sa karɓar ƙananan tukwane sai masu na'urar da ke tsayar da ciko idan ya kai iyaka. Buƙatar Ba'amurken da ta mai lambun Mirriya iri ɗaya ce. Bambancin shi ne ɗaya ya tarar da kayan haɗi a kanti da ƙa'ida a rubuce, ɗayan an bar shi da robar tif.

Inda ya wajaba a ja layi ba sassauci shi ne abin hawa mai ɗaukar mutane. Tukunyar girki a bayan tasi ko ƙarƙashin kujerar adaidaita abu ne da bai kamata a lamunta ba ko na yini ɗaya. Injin lambu na zaune wuri guda a fili, iska na kaɗawa. Mota kuwa tana tsalle a ramuka, tana shan rana a rufe, tana iya karo, ga fasinja da sigari, ga wayoyin lantarki. An ƙera tukunyar gida ne don ta tsaya cik a madafa. Motar gas ta gaskiya tana da tanki mai kauri da aka ɗaure da jikin mota, da bawul mai tsayar da ciko a kashi 80, da wani mai sakin matsi idan zafi ya yi yawa, da wani mai datse gas da zarar an kashe inji, da hanyar fitar da yoyo waje. Ba sai an je nesa ba: a Aljeriya maƙwabciya dubban ɗaruruwan motoci ke tafiya da gas ɗin da kamfanin Naftal ke sayarwa da sunan Sirghaz, masu izini ne ke ɗaura kayan, hukuma na dubawa. Idan Nijar na son motocinta su sha gas ɗin SORAZ, wannan ita ce hanya.

Kashi 80 ɗin nan ya cancanci a tsaya a kansa, domin wata al'ada na tafiya tare da manyan tukwane: juye gas daga babba zuwa ƙarama da tiyo a lungu, ba sikeli. Ruwan gas na kumbura da zafi, shi ya sa ake barin sarari a saman kowace tukunya. Wadda aka cika har wuya da sanyin safiya ba ta da wurin numfashi da azahar. A ranar 11 ga Yuli 1978 wata tankar gas da aka yi wa lodi fiye da ƙima ta fashe a gefen sansanin masu yawon hutu na Los Alfaques a Sifen, mutane sama da 200 suka mutu. A nan kusa, ranar 4 ga Janairu 2020, wani shagon cika gas ya tashi a Sabon Tasha da ke Kaduna, cikin waɗanda suka rasu har da Farfesa Simon Mallam, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta Najeriya. Wutar gas ba ta tsayawa a kan wanda ya yi kuskure, maƙwabta da masu wucewa take haɗawa.

Akwai masu cewa a haramta abin gaba ɗaya, kuma hujjarsu na da nauyi. An sauƙaƙa farashin gas ne don mata su huta da hayaƙi, itatuwa su huta da gatari. Ƙasar Mirriya da Magarya da Matamaye tana cikin wuraren da duniya ke misali da su a sassaben zamani, inda manoman Maraɗi da Damagaram suka raya itatuwa kimanin miliyan 200 a faɗin hekta miliyan 5 tun daga shekarun 1980, gawo na kan gaba. Duk tukunyar da inji ya shanye, wata uwargida ce ta rasa ta, kuma idan gas ya yanke a gari ita ce ke komawa ga itace da gawayi. Wannan gaskiya ce da masu injuna ya kamata su ji.

Sai dai haramci ba zai kai bakin kowace rijiya ba. Babu jami'an da za su zagaye lambunan kwarin Korama ɗaya bayan ɗaya, kuma muddin gas ya fi fetur sauƙi ninki biyu, manomi zai yi amfani da shi. Abin da doka ta tsawa za ta haifar shi ne ɓoyo: a tura tukunya cikin rami, a rufe ta da buhu, a yi haɗin da dare. Wato a kai ta daidai wuraren da ta fi kisa. Ga shi kuma kabejin da tumatirin da injin ke shayarwa madafar uwargidan suke komawa. Mafita ita ce a raba hanya: manyan tukwane na sana'a masu launi dabam, da nasu kaso da nasu farashi, a sayar wa ƙungiyoyin masu lambu, a bar ƙanana ga gidaje. Kamfanin mai na ƙasa SONIDEP da kamfanonin rarraba gas su ne suka san adadin da ke fita, su ne za su iya tsara wannan.

Sauran aikin na kusa ne, kuma ba ya cin kuɗi mai yawa. Cibiyoyin koyon sana'a na ƙananan hukumomi za su iya buɗe horo na 'yan kwanaki ga kanikawa, a ba wanda ya ci takarda da alamar da zai rataya a rumfa, manomi ya san wurin wa zai je. Hukumar kula da ingancin kaya ta ANMC da kwastan su sa ido a kan tiyo da na'urorin rage matsi da ke shigowa, a kori na jabu. Jami'ar André Salifou ta Damagaram tana da ɗaliban fasaha da za su iya gwada kayan haɗin da ke kasuwa su bayyana wanne ke rufewa idan inji ya mutu. 'Yan kwana-kwana su fito fili su nuna wa jama'a abin yi idan an ji wari: a rufe tukunya, a buɗe ƙofofi, kada a taɓa makunnin lantarki. Gidajen rediyo irin su Anfani da Shukura su maimaita shi da Hausa a farkon kowane noman rani. Sarakuna ma na da ta cewa. Damagaram ƙasa ce da sana'a ke da sarauta, maƙeranta sun ƙera igwa a zamanin Sarki Tanimu, kuma kiran Sarkin Maƙera ko Sarkin Noma na isa inda takardar ofis ba ta isa.

Wurin farawa kuwa yana nan a shirye. Duk Lahadi kasuwar Mirriya na tara masu lambu daga ƙauyukan kewaye, kuma a layin masu tukwanen ƙasa da garin ya shahara da su, ba macen da ke biyan kuɗi sai ta ƙwanƙwasa tukunya da yatsa ta saurara ko akwai tsaga. A wannan kasuwa, kafin shukar rani mai zuwa, hukumar gari za ta iya kafa rumfa ɗaya: bakanike mai horo, jami'in kwana-kwana, sikeli, bokitin ruwan sabulu, da tiyo da zobban ƙarfe a farashin sari. Duk mai inji ya kawo haɗinsa a duba kyauta, a yanke tsohon tiyo a gabansa, a nuna masa kumfa tana hurowa a mahaɗar da ya rantse ba ta yoyo, ya koma lambu da sabon haɗi a bayan babur.